Tambayi Mushe: Ingilishin kasuwanci, wace jarabawa ce taka?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk kan abu guda suke, Ingilishi da takardar shaidar iya shi, ban yi mamaki ba kuwa, tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, kowa ya farka, har waɗanda suka riƙa gudun ajin Ingilishi a lise, wato babbar sakandare, yanzu su ne ke tare ni a hanya. Ga 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da ke karanta mu, in na ce Ingilishi abin da kuke kira Turanci nake nufi, mu nan Damagaram in tsoho ya ce yaro ya iya Turanci to sau da yawa Faransanci yake nufi, mushe kuma malamin makaranta muke ce wa haka. Na zaɓi saƙo huɗu, sauran sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya ta farko, daga wani saurayi a Garin Malam:

"Slm mushe dan Allah ina neman shawara. Na gama lisans a jami'ar André Salifou fannin gudanarwa, shekara biyu kenan ina kabu-kabu ina ajiye dosiye ko'ina ba a kira ni ba. Yanzu na ga wata sanarwar aiki ta wata ƙungiya sun rubuta ana son mai TOEIC 785, ni ban ma san mene ne ba, wani abokina kuma ya ce in bar shi in yi TOEFL ita ce babba duk duniya ta san ta. Na ɗan tara kuɗi ba na son su tafi banza. Wacce zan yi?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa neman albarka. Abokinka ba ƙarya ya yi ba amma ya ba ka maganin ciwon da ba shi ke damunka ba. TOEFL da TOEIC duk hukuma guda ke shirya su, ETS ta Amurka, sai dai TOEFL an yi ta ne domin mai son shiga jami'a inda ake karatu da Ingilishi, za ka ji lacca kan tsirrai ko tarihi a tambaye ka, ita kuwa TOEIC ta wurin aiki ce, tun 1979 aka fara ta a Japan saboda kamfanoni su san ma'aikacinsu zai iya ɗaukar waya ya karanta wasiƙa ko kuwa. Mutanen nan TOEIC suka rubuta, to ita za ka kai masu. Wanda aka aika kasuwar Dole sayen gero ba ya komawa gida da shinkafa ya ce ai ta fi tsada.

Ga yadda take. Wadda aka fi nema ita ce ta saurare da karatu, tambaya 200 ce cikin awa biyu, duk zaɓi ne ba ka rubuta jimla ko ɗaya ba ka kuma buɗe baki. Ɗari na farko saurare ne wajen minti 45, ɗari na biyu karatu minti 75. Kowane ɓangare ana ba shi maki daga 5 zuwa 495, jimla daga 10 zuwa 990, babu wai ka ci ko ka faɗi irin bak, jarabawar gama lise, lamba kawai za a ba ka, mai ɗaukar aiki shi ke yanke inda yake so. Wannan 785 da ka gani ba daga sama suka ɗauko ta ba, ita ce iyakar da ETS ta daidaita da matakin B2 a ma'aunin harsuna na Turai, wanda ke tashi daga A1 ya ƙare a C2. 550 ita ce B1, 945 ita ce C1. Makarantun injiniya na Faransa da yawa ma 785 ɗin suke nema kafin su saki dipulom, shi ya sa masu sanarwar aiki a ƙasashenmu suka saba da lambar. Kuma ka lura, B2 na gaskiya sai ka samu 400 a saurare da 385 a karatu, ba wai ka tara duka a gefe guda ba.

Yanzu bari in faɗa maka inda yaranmu ke zubewa, don na shekara da shekaru ina kallo. Ba nahawu ba ne, nahawu kam mun sha shi tun kolej, ka tashi ɗan lise cikin dare zai jero maka kalmomin aikatau marasa bin ƙa'ida kamar karatun allo. Kunne ne da agogo. Muryar sau ɗaya ake sakinta ba a maimaitawa, kuma ba murya guda ba ce, akwai Ba'amurke akwai Ba'ingile akwai na Kanada da na Ostareliya, kai kuma duk rayuwarka Ingilishin mushenka kawai ka ji, wanda shi ma a bakin wani mushen ya ji. Kashi na biyu na sauraren tambaya 25 ne da ba a rubuta komai a takardarka ba, za ka ji tambaya ka ji amsa uku ka zaɓa, in hankalinka ya tafi kan wadda ta wuce to ta gaba ma ta tafi. Akwai wani ɗalibina mai ƙoƙari ƙwarai, ranar da na fara sa masu gwaji a aji na kunna rediyon, ina kallonsa har aka kai tambaya ta goma kireyonsa na sama bai sauke ba, da aka gama ya ce mani mushe wallahi kowace kalma na san ta in an rubuta amma a bakinsu kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Wata huɗu ya yi yana sauraren minti ashirin kullum bayan sallar asuba, gajerun shirye-shiryen BBC Learning English da ya riƙa saukewa a waya in ya samu intanet, ya ji sau ɗaya ba rubutu, ya ji na biyu yana bin rubutun, na uku ya riƙa maimaitawa da bakinsa, kuma kunnen ya buɗe.

Karatun kuma yi lissafi da kanka, minti 75 tambaya 100, daƙiƙa 45 kenan kowace ɗaya, alhali kashi na ƙarshe shi kaɗai tambaya 54 ne a kan imel da sanarwa da faktir, wato takardar kuɗin kaya, da jadawalin tafiya, wani lokaci takarda biyu ko uku za ka haɗa kafin amsa ta fito. Mafi yawa lokaci ke ƙare masu da sauran tambaya ashirin ba su ko gani ba. Saboda haka cike-gurbin farko guda 30 kar ka zauna kansu, ka sani ka sani, ba ka sani ba ka zaɓi ɗaya ka wuce, ba a rage maki don an yi kuskure, barin gurbi fanko shi ne asara.

Kafin ka fitar da ko dala, yi gwajin EF SET a intanet, kyauta ne minti 50, zai nuna maka kusan matakin da kake. In ya ce A2 kake to ka riƙe kuɗinka tukuna ka yi karatu, tsakanin A2 da B2 ba tafiyar sati uku ba ce ko wa ya ce maka haka. Sakamakon TOEIC kuma shekara biyu yake aiki, babu amfanin yin ta yau a ajiye cikin akwati. In ka shirya ka duba wuraren da ETS Global, reshen ETS, ta amince da su a shafinta, su kaɗai, in tafiya Yamai ta kama ka kuma ka sa kuɗin mota da masauki cikin lissafi, kusan kilomita 900 ba wasa ba ne.

Tambaya ta biyu, wani Alhaji ne ya aiko ta da murya, na rubuta yadda ya faɗa:

"Mushe ina gaisuwa. Ni riɗi da wake nake saye ina kaiwa Dawanau a Kano, yanzu na samu wasu Indiyawa suna son mu riƙa hulɗa kai tsaye, ni kuwa Ingilishina na tasha ne. Yara uku sun zo neman aikin rubuta mani takardu da amsa waya, kowa da takardarsa mai hatimi, ɗaya ma ɗan ƙanena ne. Yaya zan gane wanda ya iya da gaske?"

Alhaji Allah ya ƙara buɗi, wannan tambayar ta fi mani daɗi duk cikin na watan. Ajiye takardun nan gefe tukuna, ba na ce na jabu ba ne, amma takardar da ta ce yaro ya halarci kwas na wata uku shaidar zama ce a kan benci, ba shaidar iyawa ba. Kai abin da kake so ka sani guda ne, in Ba'indiye ya bugo waya yana sauri yaron nan zai ji daidai ya rubuta daidai, kuma wannan za ka iya gwada shi cikin shagonka a rabin awa in ka samu wani da ka yarda da Ingilishinsa ya taya ka.

Ka sa mutumin ya fita waje ya bugo wa yaron waya, lalle waya ba fuska da fuska ba, don a waya babu leɓe babu hannu, ya faɗa masa odar kaya da lambobi, tan nawa, farashi nawa, wace rana, lambar mota. Ya sa fifteen da fifty a ciki, ya sa thirteen da thirty. Dariya za ka yi amma ni wannan ya taɓa kunyata ni, farkon fitowata daga makaranta na yi wa wani ɗan kasuwa tafinta a waya, mai sayen ya ce sha biyar ni na ji hamsin, na juyo da murna na ce Alhaji tan hamsin suke so, bawan Allah ya tashi yaransa suka bazama ƙauyuka har wajen Magarya suna tara kaya, sai da saƙon rubutu ya iso bayan kwana biyu muka ga 15. Bai zage ni ba, kallona kawai ya yi ya ce mushe Allah ya ƙara ilimi, wallahi da ya mare ni da ya fi mani sauƙi. Tun ranar duk lambar da aka faɗa mani a waya sai na maimaita ta ɗaya-ɗaya, ɗaya da biyar ko biyar da sifiri. To shi ne abin da za ka duba a wurin yaran, wanda ya tsayar da mai magana ya ce a sake faɗa masa, ko ya maimaita lambar don ya tabbatar, riƙe shi. Wanda ke ta yes yes yana gyaɗa kai kamar ƙadangare shi ne zai kai ka ga asara.

Sai ka miƙa masa faktir ta Ingilishi ka ce ya karanta kuɗin da ƙarfi ya faɗa maka da Hausa. Nan ma akwai rami, mu da muka yi lakwal ta Faransanci waƙafi muke sawa kafin ɓurɓushin lamba, su kuwa ɗigo suke sawa, waƙafinsu na raba dubbai ne, wato 1,250 a wurinsu dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, yaronmu in bai sani ba sai ya karanta ɗaya da kwata. Haka billion nasu shi ne miliyar namu. Ko tan ɗin ma a tambaya, na kilo 1000 ne ko kuwa gajeren tan na Amurka mai kilo 907.

Tambaye shi kuma bambancin FOB da CIF. Ba sai ya yi lacca ba, ya dai san cewa a na farko mai sayarwa ya kai kaya ya ɗora a jirgin ruwa shi kenan kuɗin jirgi na mai saye ne, a na biyu kuwa mai sayarwa ne ke biyan jirgi da inshora har tashar da za a sauke. Suna cikin ƙa'idoji 11 da ake kira Incoterms na majalisar 'yan kasuwa ta duniya da ke Paris, bugun 2020. Yau a Dawanau kake miƙa kaya amma ranar da suka ce a ba su farashi har tashar Legas haruffa ukun nan su ne ribarka ko faɗuwarka.

Na ƙarshe kuma shi ne mai wuya, ka ce ya rubuta wa mai saye saƙo cewa mota ta lalace a Matamai kaya za su makara kwana uku, layi biyar kawai, ya ba da haƙuri ba tare da ya yi ta rusunawa ba, ya faɗi sabuwar rana, kar ya yi ƙarya. Karɓe wayarsa kafin ya fara. Batun ɗan ƙanenka kuwa Alhaji wannan ya fi ƙarfin mushe, amma in ka gwada su ukun rana guda gaban shaida ka samu abin faɗa wa ƙanen naka.

Tambaya ta uku, daga wata baiwar Allah a Sabon Gari:

"Mushe barka da aiki. Ni sakatariya ce a wani ofis, shugabanmu ya ce duk wanda ya kawo shaidar Ingilishi za a duba ƙarin matsayinsa. Ina karantawa in gane, imel kuma da Faransanci nake rubutawa in sa waya ta juya mani, amma in baƙo ya shigo yana magana sai bakina ya mutu. Wace jarabawa ce ba a magana a ciki?"

Ƙanwata kin ba ni dariya, kina neman likitan da ba zai taɓa wurin ciwon ba. Amsar ita ce TOEIC ɗin da na bayyana a sama, ba a magana a cikinta, in shugabanku zai karɓe ta to bismilla, ki fara tambayarsa wace takarda yake nufi da kuma wane mataki. Amma ni in za ki ji tawa, ranar da aka ƙara maki matsayi ke za a riƙa turo wa baƙin. Akwai TOEIC ta magana da rubutu daban, magana tambaya 11 wajen minti 20 kina yi wa kwamfuta, rubutu tambaya 8 cikin awa guda har da amsa imel, kowanne maki 200. Akwai kuma Linguaskill ta Cambridge mai nau'in kasuwanci, ita a kwamfuta ake yi kuma a saurare da karatu tana bin ƙarfinki, kin amsa daidai ta ƙaro mai wuya kin kuskure ta sassauta, ana iya ɗaukar ɓangaren da ake buƙata kaɗai. Ko ba ki yi su bana ba ki yi shiri kamar za ki yi.

Mutuwar bakin nan kunya ce rabinta, tsoron kar a yi kuskure a gaban mutane, mu kuma an horar da mu a lakwal cewa kuskure abin duka ne. Ki samu abokiyar aiki guda ku yanke minti goma kullum ba Hausa ba Faransanci, ku yi abin da ke faruwa a ofis ɗin da gaske, tarbar baƙo, ce masa shugaba ya fita zai dawo ƙarfe kaza, ɗaukar saƙo a waya. Ki riƙa naɗar muryarki kina saurare, ranar farko za ki so ki jefar da wayar, ki daure.

Sai ki yi hattara da kalmomin da suka yi kama da na Faransanci, su ne ke kayar da mu masu bak. Demander roƙo ne a Faransanci amma in kika rubuta wa baƙo I demand kin ba shi umarni ne da tsawa. Délai wa'adi ne, delay kuwa makara ce. Actually ba ta nufin yanzu, eventually ba ta nufin wataƙila, tana nufin daga ƙarshe abin zai faru, kin ga kin yi alkawarin da ba ki yi niyya ba. Kwanan wata ma haka, 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke huɗu ga Maris, ki riƙa rubuta sunan watan da haruffa ki huta. Doguwar gaisuwar rufe wasiƙa ta Faransanci mai layi biyu kuma ki bar ta can, su kalma biyu suke sawa su sa hannu.

Ta huɗu gajera ce, daga wani da bai faɗi unguwarsa ba:

"Mushe ina da takardar BULATS ta 2018 tana aiki har yanzu? Kuma akwai wani a WhatsApp ya ce zai samo mani IELTS 7 ba sai na zauna jarabawa ba, in tura rabin kuɗi."

BULATS, tsohuwar jarabawar Ingilishin kasuwanci ta Cambridge, an daina ta tun ƙarshen 2019, Linguaskill ce ta gaje ta, takardarka shaida ce ta abin da ka iya a wancan lokacin, ka iya sa ta a dosiye amma mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi sabuwa zai nema. Shi kuwa mutumin WhatsApp ɓarawo ne. IELTS jarabawar Ingilishi ce ta masu neman karatu ko zama a waje, kowace takardarta tana da lambarta, jami'o'i da ofisoshin biza suna shiga rumbun masu jarabawar su duba lambar da hoto da maki, takardar da ba ta can ko ta fi ta gaske kyau ba ta can. Rabin kuɗin za ka tura ya rufe lambarka, in ma ya turo maka wani abu to ka sayi abin da zai sa a hana ka biza. Kuma IELTS ɗin ma, wa ya ce ka kawo ta? Ba ka faɗa mani ba. Sake rubuto mani ka gaya mani aiki kake nema ko karatu ko fita waje, da sunan takardar da suka rubuta a sanarwar, sai mu san inda za mu kama.